Idan Gem Ya Ƙi Hawa Kwamfuta: Yadda Ake Share Ragowar Tsohuwar Manhaja

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, da yawanku kuna sayen kwamfuta ta hannu a Computer Village da ke Ikeja ku aiko wa ƙanne gida. Nan GRA ta Gombe irinsu ake yawan kawo min da kuka ɗaya: an zo ɗora PES 2017 ko GTA V, ya kai rabi ya tsaya. Mai gyara kuma sai ya ce a yi fomat, hotuna da takardun makaranta su tafi. Sau da yawa ba sai an kai nan ba.

Mene ne sanadin?

A kara na taso, to abin kamar an kwance saniya ne an bar turke da igiya a wurin. Idan aka goge gem da hannu, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa, fayiloli na maƙalewa, kuma rajistar Windows na ci gaba da nuna cewa yana nan. Sabon ya zo, ya tarar an riga shi.

Duba lambar da ta fito

1638 ko 0x80070666 na nufin akwai wani samfurin manhajar a ciki, galibi Microsoft Visual C++. 1603 kuwa na nufin aikin ya karye ne kawai, kuma ragowa na cikin abubuwan da ke jawo shi.

Matakan gyara

1. Kwashe ajiyar wasanka tukuna. Ta PES tana cikin Documents, a folda mai suna KONAMI. Kwafe ta a filashi.
2. Danna maɓallin Windows da R, rubuta appwiz.cpl. Idan sunan gem ɗin na cikin jerin, cire shi daga nan.
3. Leƙa Program Files da Program Files (x86), sannan %appdata% da %localappdata%. Goge folda mai sunan gem ɗin kaɗai.
4. Rubuta %temp% ka share abin da ke ciki. Wanda ya ƙi goguwa, ƙyale shi.
5. Idan 1638 ce, cire Visual C++ na 2015 zuwa 2022, x86 da x64 duka, domin daga 2015 ƙunshi ɗaya ne. Na 2010, 2012 da 2013 kowanne zaman kansa yake, wasu manhajoji na dogara da su, kar ka taɓa.
6. Kashe kwamfutar ka kunna, ka buɗe fayil ɗin ɗorawa da Run as administrator. Bayan ya gama, sauko da sabon Visual C++ daga shafin Microsoft ka mayar.

Idan sunan gem ɗin ya ƙi fita daga jerin, Microsoft na da ɗan kayan aiki kyauta na warware matsalar ɗorawa da cirewa. Shi ya fi aminci a kan shiga regedit da hannu, inda goge layi ɗaya ba daidai ba kan iya hana Windows tashi.

Kafin ka fara, tabbatar batir ya cika kuma akwai isasshen wuri, don GTA V kaɗai na cin sama da giga 60. Duk wanda zai aiko kwamfuta Arewa, ya haɗo wa yaran da waɗannan matakai, kuɗin fomat ya zama na data.