Makin Shiga Jami'a da Albashin da Ke Bayansa

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ɗaliban da suka cancanci shiga ne suka yi wa Arewa ƙaranci, har ta kai jami'ar ta buɗe makarantar share fage a farkon shekarun 1970 don ta samar wa kanta ɗalibai. Gwamnati na neman waɗanda za su gaji Turawa a ofisoshi, saboda haka mai digirin tarihi da mai digirin aikin gona duk aiki na jiransu, sau da yawa har da gida da rancen mota. Tsarin albashin Udoji na 1974 ya ƙara daidaita su, domin yawancin masu digiri a mataki na 8 suke farawa, ko me suka karanta. Muddin haka lamarin yake, zaɓen kwas bai zama abin tashin hankali a gida ba.

An kafa hukumar JAMB a 1978, aka ɗora dukan masu nema a kan ma'auni ɗaya, amma abin da ya raba kwasa-kwasai gida biyu shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986. Darajar naira ta karye, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, digiri ya daina zama tabbacin aiki. Nan iyaye suka fara lissafi. Likita da mai harhaɗa magunguna da lauya suna da lasisin cin abinci ko gwamnati ba ta ɗauke su ba, likita ma yana iya tsallakawa Saudiyya ko Ingila. Sai jama'a suka yi ca a kan waɗannan fannoni, makinsu ya yi sama, na aikin koyarwa ya tsaya a ƙasa. Ashe makin shiga yana nuna inda mutane suke hangen kuɗi ne.

Wani zai ce ai likitanci ya fi wuya, kuma majalisar da ke kula da aikin likita ta ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. Ƙayyadewar gaskiya ce, sai dai tana bayyana ƙarancin kujeru ne kawai, ba ta faɗi abin da ya jawo cunkoso a kansu ba. In da wuya ce ma'auni, da lissafi da kimiyyar fiziya suna sahun gaba, alhali su ake miƙa wa wanda bai samu zaɓinsa na farko ba. Wani kuma zai ce hazaƙar ɗaliban ce ke kawo musu albashi, ba kwas ɗin ba. To, amma haziƙin da ya zaɓi koyarwa albashin malami zai karɓa, tun da likitocin gwamnati tsarin albashinsu daban ne.

Illar tana bayyana a duk lokacin da jerin sunaye ya fito: yaron da ya nemi likitanci ya tarar an ba shi koyar da ilimin halittu, ya karɓa yana jiran damar canjin kwas. Shi ne gobe zai shirya wasu yaran don jarrabawar JAMB. Rage maki ko ƙara shi ba zai gyara wannan ba, sai ranar da albashin malami ya isa ya riƙe gida.