Tarihin Tsara Saituna a Manhajar Kwamfuta, 1981 zuwa 2022

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda masu ƙera manhaja suka yi ta fama da wata matsala guda ɗaya, watau yadda za a jera saituna ta hanyar da mai amfani da na'ura zai iske abin da yake nema ba tare da wahala ba. Abin da muke nufi da saituna shi ne zaɓuɓɓukan da mutum yake daidaita na'ura da su, kamar ƙarfin sauti, da harshe, da agogo, da kuma wanda aka yardar wa ya ga bayanansa. Za mu nuna cewa dabaru uku aka yi ta jarrabawa: rarraba zaɓi gida-gida, da ɓoye wanda ba a cika bukata ba, da kuma bincike da kalma.

2.0 Mafari

Kafin zuwan fuska mai hotuna, wanda duk yake son sauya halin na'urarsa sai ya buɗe fayil ya rubuta umarni da hannunsa, kamar yadda ake yi da fayil ɗin CONFIG.SYS da ya zo da MS-DOS 2.0 a 1983. Wannan aiki ne na ƙwararru, domin kuskuren harafi ɗaya kan isa ya hana na'ura yin abin da ake so.

Kamfanin Xerox ne ya fara kawo sauƙi da na'urarsa mai suna Star a 1981, wadda ta gaji binciken da aka yi a cibiyar kamfanin da ke Palo Alto a Amurka. A cikin Star, mutum zai nuna abu, ko harafi ne ko takarda, sa'an nan ya danna wani maɓalli na musamman, sai wani shafi ya buɗe ɗauke da siffofin wannan abu kaɗai. Hikimar ita ce kada a nuna wa mutum zaɓi sai lokacin da ya shafe shi.

A watan Janairu 1984 kamfanin Apple ya fito da Macintosh, da wani ɗan allo mai suna Control Panel wanda Susan Kare ta zana. Dukkan saitunan na'urar suna kan fuska ɗaya, kuma hotuna da lambobi ne suka maye gurbin kalmomi; alal misali kunkuru da zomo ne suke nuna jinkiri da saurin maimaita harafi. Windows na farko, na 1985, shi ma ya zo da allo mai wannan suna. Abin lura a nan shi ne, sauƙin ya samu ne saboda saitunan ba su da yawa a lokacin.

3.0 Abin da Masana Suka Gano

Tun a 1952 William Hick ya nuna cewa lokacin yanke shawara yana ƙaruwa idan zaɓi ya ƙaru. Wannan na iya sa a zaci cewa gajeren jeri shi ne mafi alheri, amma gajarta jeri tana tilasta a yi matakai da yawa, ɗaki cikin ɗaki. A 1981 Dwight Miller ya gwada kalmomi 64 a tsari huɗu: zaɓi 2 a matakai 6, zaɓi 4 a matakai 3, zaɓi 8 a matakai 2, da kuma duka 64 a fuska ɗaya. Tsarin zaɓi 8 a matakai 2 shi ne ya fi. A 1998 Kevin Larson da Mary Czerwinski sun yi makamancin wannan gwaji da abubuwa 512, suka iske matakai 2 sun fi matakai 3. Dalilin a fili yake: a kowane mataki sai mutum ya yi hasashen ƙarƙashin wane suna aka ajiye abin da yake nema, kuma idan ya yi ɓatan kai sai ya komo baya.

4.0 Zamanin Yawa

Da na'urori suka ƙaru da sauti da firinta da intanet, sai saituna suka yi yawan da fuska ɗaya ba ta ɗauka. A 2001 Windows XP ya rarraba su rukuni-rukuni, amma ya bar tsohon tsari ga wanda ya saba da shi, domin sabo turken wawa ne.

Dabarar ɓoyewa ita ce ta fi ba da darasi. Office 2000 ya zo da jerin zaɓi mai lura da ɗabi'ar mutum, yana ɓoye umarnin da ba ya amfani da su. Sakamakon haka jerin ya daina zama wuri ɗaya, abin da aka gani jiya ba lalle a gan shi yau ba, alhali hannu da ido sun dogara ne ga tuna wuri. Kamfanin Microsoft ya yi watsi da wannan tsari a Office 2007. A ɓangaren manhajar kyauta kuwa, masu GNOME sun bi hanya mai tsauri a 2002, suka zubar da zaɓuɓɓuka masu yawa, bisa hujjar cewa kowane zaɓi nauyi ne a kan mai amfani da kuma mai gyara. Wannan mataki ya jawo musu suka daga ƙwararru.

Dabara ta uku, watau bincike da kalma, ta shiga saitunan Mac OS X a 2005, da Android a 2014, da iOS a 2015. Bincike yana rage wahala ƙwarai, sai dai amfaninsa yana ga wanda ya san sunan abin da yake nema. Bugu da ƙari, sabunta tsari ba ya kawar da tsoho nan take. Windows 8 ya kawo sabon gidan saituna a 2012, amma har Windows 11 ya fito a 2021 tsohon allon yana nan. Apple kuma ya sake fasalin saitunan Mac a 2022 domin su yi kama da na waya.

5.0 Saiti da Haƙƙin Mutum

Kada a ɗauka wannan magana ce ta ƙawa kawai. Galibin mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar, saboda haka wanda ya zaɓi saitin farko shi ne ya yanke musu hukunci. Ana kuma iya binne zaɓi da gangan, abin da Harry Brignull ya fara tattara misalansa a 2010. A watan Janairu 2019 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci kamfanin Google tarar yuro miliyan 50. Daga cikin dalilanta akwai cewa muhimman bayanai sun warwatsu, wasu sai an bi matakai 5 ko 6 kafin a kai gare su, kuma an riga an yi wa mutum alamar amincewa da tallace-tallacen da aka keɓance masa. Ke nan zurfin jeri, wanda Miller ya auna da agogo, ya zama batun shari'a.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa babu ɗaya daga cikin dabarun uku da ta wadatar ita kaɗai. Rarrabawa tana bukatar sunaye masu ma'ana, ɓoyewa tana bukatar abubuwa su tsaya wuri ɗaya, bincike kuma yana bukatar mutum ya san kalma. A duk ukun, suna shi ne ginshiƙi. A nan ne maganar ta shafe mu, mu masu nazarin harshe, tun da an fassara manhajoji irin su Windows da Facebook zuwa Hausa. Idan aka fassara abu ɗaya da kalmomi biyu, ko aka ƙirƙiro kalmar da ba a ji a bakin jama'a, to an ƙara wa mai karatu wani mataki a kan waɗanda ya tarar. Muna ba da shawarar a riƙa gwada kowace kalma a kan masu amfani da waya kafin a tabbatar da ita, kamar yadda masu ƙera manhaja suke gwada tsarin jerinsu.