Abin da iyaka ta koya mana

Duk shekara a taron ƙungiya dattawanmu kan ce da sun san abin da suka sani yau, da ba haka suka fara fatauci ba. Tarihin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya gaskata su.

A Afirilun 1984 Najeriya ta rufe iyakokinta, ta kuma canza takardun naira. Wanda ya tara jarinsa a naira a wannan gefen ya wayi gari da kuɗin da ba mai karɓa. Ba a buɗe ba sai 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, masu bashin kuɗin waje suka biya ninki biyu. A Agustan 2019 aka sake rufewa, iyakar Jibiya kuwa sai 2022.

Waɗanda suka tsira a cikinmu ba su fi kowa jari ba. Sun raba kuɗinsu tsakanin naira da sefa, ba su taɓa uwar kuɗi don cefane ba, sun rubuta kowane bashi a littafi. Ƙannenmu masu shirin farawa, ku fara lissafa wata nawa za ku iya ciyar da gida idan mota ba ta ƙetare ba.