Taron Kano na 1965 da Tarihin Koya wa Yara Siffofin Daskararru da Masu Ruwa-ruwa

A makarantun elementare na zamanin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya babu wani darasi mai zaman kansa da ake kira kimiyya, domin abin da manhaja ta tanada shi ne nazarin tsirrai da dabbobi, da tsabtar jiki, da aikin lambun makaranta, kuma galibi malami ne ke faɗa yara na maimaitawa. Dalilin da ya sa man shanu ke narkewa a rana, ko man ja ke daskarewa da hunturu, ba shi da gurbi a aji, alhali kuwa yaro yana ganin hakan a madafin mahaifiyarsa.

Sauyi ya samo asali ne daga wani taro da aka yi a Rehovot ta Isra'ila a 1960, inda Solomon Caulker na Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo ya yi kira da a fara koyar da kimiyya tun daga firamare. Caulker ya rasu a hatsarin jirgin sama a hanyarsa ta komawa gida, amma kiran nasa ya ratsa Jerrold Zacharias, masanin fiziks na jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya shirya wani taron a 1961. A watan Fabrairu na 1965 masana ilimi na Afirka da Amurka da Ingila suka haɗu a Kano, suka aza harsashin Shirin Kimiyyar Firamare na Afirka, wato APSP, wanda ya wallafa littattafan jagora ga malamai kan batutuwa kamar nutsewa da shawagi a ruwa.

Ginshiƙin shirin shi ne a bar yaro ya taɓa, ya zuba, ya auna da kansa da kayan da ke kusa da shi, kafin a ba shi wata ƙa'ida, kuma babu batun da ya dace da wannan hanya kamar bambancin daskararre da mai ruwa-ruwa. Daskararre shi ne abin da ke riƙe siffarsa duk inda aka ajiye shi, kamar dutse ko sabulu, mai ruwa-ruwa kuwa yana ɗaukar siffar mazubinsa ba tare da yawansa ya ƙaru ko ya ragu ba. Wannan ɓangare na biyu shi ne mai wuya, domin kamar yadda Jean Piaget na Suwizalan ya nuna, yaron da bai kai kimanin shekara bakwai ba, idan aka juye ruwa daga faffaɗan kwano zuwa doguwar kwalba a gabansa, yakan dage cewa ruwan ya ƙaru. Garin dawa da rairayi ma suna rikita shi, tunda suna zuba kamar ruwa, sai an sa shi ya lura cewa gari yana yin tsibi a faifai, ruwa kuwa bazuwa yake yi, sannan ya murza ƙwayar rairayi guda tsakanin yatsunsa ya ji taurinta. Fahimta irin wannan ba ta samuwa ta hanyar hadda, kuma a nan ne masu shirin suka yi gaskiya.

A 1970 jagorancin aikin ya koma hannun 'yan Afirka ƙarƙashin ƙungiyar SEPA mai hedikwata a Accra, sannan a farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da tallafin UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin inganta ilimin firamare a jihohin Arewa, inda masu horarwa ke bin malamai har cikin azuzuwansu. Sai dai da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, yaran da suka zo sun zarce hasashen gwamnati nesa ba kusa ba, aka cika azuzuwa maƙil, aka ɗauki malaman da suka sami horon gaggawa, kuma darasin da ke bukatar kwano da kwalba ga kowane rukunin yara shi ne ya fara shan wahala. Batun daskararre da mai ruwa-ruwa ya samu gurbi a manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta fitar, amma a makarantu da dama ya koma ma'anoni biyu da ake rubutawa a allo yara su kwafa.