Jimla Mai Harshen Damo

Jimla mai harshen damo ita ce wadda lafazinta guda yake ɗauke da ma'ana biyu ko fiye, irin abin da malaman usulul fiƙihu suke kira mushtaraki, wanda ba a yanke masa hukunci sai an sami ƙarina, wato alamar da take fayyace ma'anar da ake nufi. Idan ɗan kasuwa mazaunin Fatakwal ya rubuto wa ɗan'uwansa cewa gari ya yi tsada, to mai karatu ba shi da hujjar rarrabe garin zama da garin rogo, domin rubutun boko bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba, alhali kuwa da a ce da baki aka faɗa, da kunne ya warware nan take. Hausawan Anacha da Inugu sun san wannan a harshen maƙwabtansu Ibo, inda akwa take nufin tufa, ko ƙwai, ko gado, ko kuka, gwargwadon hawa da saukar murya.

Binciken David Swinney na 1979 ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana farkar da ma'anonin kalma tare, sa'an nan, cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ta riƙe wadda ta dace da siyaƙin magana ta saki sauran, ba tare da mutum ya farga ba, wanda lalle abin al'ajabi ne. A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano wata alamar lantarki a ƙwaƙwalwa, N400, wadda take ƙaruwa idan kalma ta saɓa wa ma'anar da mai karatu yake tsammani.