Lantana: Dutsen da ya riga jirgin ƙasa zuwa Kudu

Tambayi kowane yaro a Zangon Agege me ya kawo kakanninmu nan, zai ce maka goro da jirgin ƙasa. Bai yi ƙarya ba, don tun da layin dogo ya isa Kano a 1911 hanyar Ikko ta buɗe sosai. Amma akwai hajar da fatakenmu suka riƙa gangarowa da ita tun ba a dasa ƙarfen dogo ba, kuma har gobe muna kiran sunanta. Wace unguwa ce ba ta da Gwaggo Lantana? To, sunan dutse ne.

Lantana jan dutse ne mai tsananin tauri. Ana haƙo shi can sama a yankin Kogin Kwara, cikin ƙasar Nijar ta yau. Fataken Hausawa ne ke kawo shi, amma ba mu ne masu sarrafa shi ba, gaskiya ɗaya ce. Wannan sana'ar mutanen tsohon birnin Oyo ce, kuma da birnin ya watse wajen 1835, sai ta yi gida a Ilorin.

Aikin kuwa ba na mai gaggawa ba ne. Za a fasa dutsen a sassaƙe shi ya ɗauki siffa, sannan a zo ga huda, inda wahalar take. Maƙerin zai ɗora siririn tsinken ƙarfe, yana bugawa da 'yar guduma a hankali, yana juya tsinken, yana ɗiga manja. In ya huda rabi sai ya juya ta ɗaya bakin, har ramukan biyu su haɗu a tsakiya. Bugu ɗaya ya yi nauyi, shi ke nan, dutse ya tsage, wahalar yini ta tafi. Bayan huda a goge shi kan dutsen niƙa, a ƙara gogewa kan katako sai ya yi sheƙi. Ku lissafa ƙwaya nawa ke cikin abin wuya guda. Shi ya sa sarakunan Yarabawa da na Bini suka ɗauke shi kayan sarauta, ba kayan kwalliya kawai ba.

Nufawa ma ba a bar su a baya ba. Masaga na Bida suna narka gilashi, daga baya har kwalabe, su fitar da duwatsun wuya da awarwaro.

Abin da ya karya lantana araha ce. Kamfanonin Turawa suka cika kasuwa da duwatsun gilashi na Italiya da Bohemiya, masu kama da na asali, a kuɗi kaɗan. Kafin a shiga shekarun 1940 sana'ar Ilorin ta durƙushe. Jigida ma haka ta faru da ita, daga ɓawon kwakwa ta koma roba.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne shiryawa, kuma mata ne suka riƙe shi. Yau ana saro duwatsun a Balogun ko Idumota, a zube su a faifai, a ware manya da ƙanana. Babban ya zauna a tsakiya, sauran su bi shi hagu da dama, a zura a zaren fatsa, a ƙulle, a ƙona bakin da ashana. Tsofaffinmu kuwa, in aka miƙo musu jan dutse, sai sun ɗora shi a kumatu tukuna. Na gaske sanyi gare shi da nauyi, roba kuwa ɗumi.