Tausayin Mai Laifi a Koyarwar Yahudawa da Iyakarsa

Talmud, babban kundin shari'ar Yahudawa, ya kawo labarin Rabbi Meir, malamin ƙarni na 2, wanda 'yan iskan unguwarsa suka addabe shi har ya shiga roƙon Allah ya kashe su. Matarsa Beruriya, ita ma malama ce, ta tare shi: me zai hana ya roƙa musu shiriya? In sun tuba, ai muguntar ta ƙare ba tare da an rasa rai ba. Ya ji maganarta, kuma kundin ya ce mutanen sun tuba.

Moshe Kordobero, wanda ya rasu a garin Safad a 1570, ya zurfafa hujjar a littafinsa Tomer Debora. A ganinsa, ƙarfin da mutum yake saɓo da shi Allah ne yake ba shi a daidai wannan lokacin, bai kuma janye ba. To, bawa da ke son koyi da Ubangijinsa bai kamata ya yanke alheri ga wanda ya ci mutuncinsa ba. Magana ce mai nauyi, ba kowa ke iya ɗauka ba.

Rabbi Aryeh Levin ya ɗauka. A zamanin mulkin Birtaniya, kowace Asabar yakan taka da ƙafa zuwa kurkukun Ƙudus, ya riƙe hannun fursuna cikin nasa, ɗan gwagwarmaya ne ko ɓarawo. Da yake rubutu haramun ne a ranar, sai ya haddace saƙonninsu ya kai wa iyalansu.

Sai dai kuskure ne a ɗauka wannan tausayi yana shafe haƙƙin wani. Mishna, tushen Talmud, ta ce azumin Yom Kippur, ranar kaffarar Yahudawa, ba ya kankare laifin da aka yi wa ɗan'adam sai an nemi yardarsa. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsara yadda za a yi: mai laifi ya biya abin da ya ɓata, ya nemi gafara, in aka ƙi, ya zo da abokai 3 su roƙa masa, har sau 3. Wanda ya ci gaba da ƙin yafewa bayan haka, alhakin ya koma kansa. In kuwa malaminsa ne mai laifin ya saɓa wa, babu adadi, ko sau 1,000 ne sai ya koma.